Abin da Ya Rubuta a Kan Lambata

Ni fara ce, amma ba irin farin da ake rubutawa a littafi ba. Daga ƙarƙashin idanuna zuwa karan hancina akwai wasu ƙananan ɗige-ɗige masu launin ƙasa, kamar an tsoma tsintsiya a ruwan goro an yarfa mini. Da su na tashi. Idan zafin bazara ya yi ƙarfi sai su ƙara duhu, idan damina ta sauka su ɗan lafa. Ba kyasbi ba ne, ba kuma tawadar Allah ba ce, don ita guda ɗaya take fitowa, baƙa. Nawa ba su da suna a gidanmu. Inna takan ce "abin fuskar nan taki", shi ke nan. Kakata ta wajen uwa, wadda take da irinsu har a bayan hannu, ƙwan zabuwa take ce mini, ni kuma in ce mata ai a akurkinta aka ƙyanƙyashe ni.

Littattafai ne suka sa na fara tsayawa gaban madubi ina kallonsu. Bayan na bar kwalej ba tare da na ci jarrabawar ƙarshe ba, ba ni da abokin zama kamar littattafan soyayya da wani mutum yake kawowa daga Kano cikin kwali, yana ba da haya a bakin kasuwar Matameye. A lakwal, wato makarantar boko, Faransanci aka koya mana, karatun Hausa da kaina na koya a cikin waɗannan littattafai, ina harhaɗa baƙi har na goge. A cikinsu idan aka zo siffanta yarinyar da labari yake kanta, sai an ci shafi biyu: gashi har gadon baya, idanu dara-dara, fata sumul ba ko ɗigo. Idan kuwa aka tsaya aka ce wata tana da tabo a kumatu, na riga na san ita ce za ta kai tsegumi ko ta ɓoye wasiƙa. Na karanta irin wannan har ya zauna mini a kai cewa duk maganar da aka yi a kan fuskar mace, ko dai ana yabon ta ne ko ana tona mata asiri.

Saurayin da yake zuwa wurina mutumin ƙetaren iyaka ne, daga wajen Daura. Sana'arsa sayen rake a lambunan Dungu, ya cika mota ya tsallaka da shi, ranar kasuwa kuma yakan biyo ta garinmu. Inna tana sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ni nake zauna mata idan ta tashi salla. Ranar da ya fara tsayawa wurinmu ina zuba masa mai a kwalba da hannun dama, littafi yana hannun hagu, har man ya cika ya malalo a kan takalminsa. Bai yi faɗa ba. Ya dubi takalmin, ya dube ni, ya ce, "Hajiya, an kama ɓarawon ne ko tukuna?"

Na ce masa ba labarin ɓarawo ba ne.

Ya ce, "To ashe an kusa ɗaurin aure. A ƙarasa, ina jira."

Da na koma gida na sake shirya haɗuwar a raina yadda ya kamata ta kasance. Na cire man gyaɗa na sa yayyafi, na cire takalmin roba na sa baƙin takalmi mai sheƙi, na ba shi wata magana mai nauyi da bai faɗa ba. Haka nake yi wa duk zuwansa. Wata biyar ya yi yana zuwa gidanmu duk ranar kasuwa bayan la'asar. In shimfiɗa masa tabarma ƙarƙashin bishiyar bedi da ke ƙofar gida, ya zauna a wancan gefe, ni a wannan, kafin magariba ya tashi don su tsallaka da sauran haske. Hirarsa ba ta wuce rake da hanya da yadda ƴan duwan, wato kwastan, suka sa su sauke kaya. Ina jin daɗin hirar, ina dariya har in rufe baki da hijabi, amma ina jiran wata kalma da ba ta zuwa. Sau ɗaya ya ce hijabina ya yi mini kyau. Kafin in gama jin daɗi ya ƙara da cewa irinsa ƙanwarsa take nema, a ina ake sayarwa.

Ana nan sai Baba ya ba Inna saƙo. Ta same ni ina tankaɗe ta ce, "Babanku ya ce ki gaya wa baƙonki, in da gaske yake ya turo manya. In kuma ke ce ba ki so, ki faɗa, a daina shimfiɗa wa ɗan mutane tabarma. Ya ba ki kasuwa biyu."

Ina son sa, wannan ban yi shakka ba. Abin da ban sani ba shi ne ko shi yana so na irin son da ake turo manya a kansa, ko kuwa inuwar bedi da ruwan sanyi kawai yake samu kafin mota ta tashi. Idan na ce ya turo ya yi ta kame-kame, da wane ido zan dubi Baba? Na kai kukana wurin ƙawata, ƴar maƙwabtanmu, wadda muke musayar littattafai da ita ta kan katanga.

Ta ce, "Ke ma dai da wauta. Ki duba abin da ya ajiye lambarki da shi a wayarsa mana. Namiji yana iya zama shekara bai faɗa miki komai ba, amma a waya ba ya ɓoyewa. In kin ga 'Zuciyata' ko 'Sarauniya', ki ce ya turo gobe. In kin ga 'mai man gyaɗa', ki naɗe tabarmarki."

Maganar ta shige ni, don ni kaina "Sanyin Idanuna" na rubuta a kan tasa lambar, ina kifa wayar duk lokacin da Inna ta matso.

Ranar kasuwa ta farko ya zo kamar kullum. Muna cikin hira direban motarsu ya leƙo daga bakin lungu ya yafuto shi, ya tashi ya bar wayarsa a kan tabarma. Na sa hannu cikin hijabi na danna lambarsa. Wayar ta yi haske, ta fara rawa a kan tabarma. Na leƙa. Kalma ɗaya ce, ba furen zuciya a gefenta, ba komai: Freckled.

Na kashe kiran. Na ɗaga gefen tabarma, na ɗauki tsinke na rubuta baƙaƙen a ƙasa ɗaya bayan ɗaya, na mayar da tabarmar na zauna a kai. Da ya dawo ya ci gaba da labarin wata taya da ta fashe musu kusa da Kurni. Ban ji ko rabi ba. Ina zaune a kan kalmar kamar kaza a kan ƙwai, ina tsoron motsawa kada ta goge. Saƙon Baba kuwa ban isar ba. Yana tafiya na ɗaga tabarma na kwafe ta a bayan littafin da nake karantawa.

Mu nan idan an ce Turanci, Faransanci ake nufi. Ingilishi mun yi shi a kwalej, amma abin da na fito da shi bai wuce gaisuwa da ƙirga zuwa goma ba. Ƙawata ma haka. Ta juya littafin, ta gwada kalmar a bakinta sau uku, kowane karo da wani lafazi daban.

"Sunan fure ne," in ji ta. "Ko turare. Ji yadda take da daɗi a baki."

Na ce ni kamar sunan maganin tari nake jin ta.

"Ke dai ba a yi miki abin arziki. Mutum ya tsallake duk Hausar duniya ya nemo miki Ingilishi, ki ce maganin tari?"

Washegari da hantsi na ɗauki littafin na tafi gidan malaminmu na Ingilishi. Na same shi a zaure yana gyaran takardun ƴan lakwal da jan bik, butar shayi tana gefensa a kan gawayi. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "A'a, mai karatu ƙarƙashin tebur! Yau Ingilishi ake nema? Shekara huɗu ina ba ki kyauta kin ƙi karɓa."

Na kira shi yadda muke kiran malamai da Faransanci na ce, "Mushe, wata kalma ce na gani a littafi."

Ya dubi rubutuna a bayan bangon littafin. Ya shiga ciki ya fito da wani ƙaton ƙamus da bangonsa ya rabu, ya buɗe, ya bi layi da yatsa. Ya ce kalmar siffanta fata ce. Akwai wasu ƙananan ɗige-ɗige masu launin ƙasa da suke fitowa a fuska ko a hannu, galibi ga masu hasken fata, rana ce take ƙara fito da su. Kowane ɗigo sunansa freckle, wanda yake da su a jikinsa kuma shi ake ce wa freckled. Da Faransanci taches de rousseur ake cewa. Yana kaiwa nan ya ɗago ya dubi fuskata, sai ya yi sauri ya mayar da idonsa kan ƙamus, ya shiga gyara tabarau.

Ashe abin da ba shi da suna a gidanmu yana da suna a wani wuri, har an buga shi a ƙamus, har wani ya ɗauko ya liƙa mini.

"Mushe, yabo ne ko zagi?"

"Siffa ce."

"Na ji. Amma mai kyau ko mummuna?"

Ya rufe ƙamus ya ce, "In na ce miki doguwa, me na yi?"

"Yabo."

"In na ce gajera fa?"

"Zagi."

"Matata gajera ce. Shekara ashirin ke nan ban san zagin ta nake yi ba."

Na yi dariyar dole. Da ya tsaya nan da na samu abin riƙewa. Amma malami ba ya barin bayani a rabi. Ya ce ba mutum kaɗai ake siffantawa da ita ba, ana iya faɗa wa ƙwai mai ɗige-ɗige, ko ganye, ko bawon ayabar da ta nuna sosai. Ya ce a rubutun masu harshen wani lokaci yaro mai ƙiriniya ake ba wa irin wannan fuska, wani lokaci kyakkyawar budurwa, ya danganta da mai rubutu. Na yi godiya na fito. Tun daga ƙofar gidansa har namu ba abin da nake gani a raina sai ayaba.

Da yamma ƙawata ta aro babbar wayar yayarta, muka rubuta kalmar muka nemi hotuna. Suka zubo: matan Turawa masu jan gashi, fuska cike da ɗige-ɗige fiye da nawa, suna dariya a cikin rana, ba wadda take ɓoye fuska. Muka ga har wata mai fata sumul ta zauna gaban madubi da jagira tana ɗiga wa hancinta ɗaya bayan ɗaya.

Ƙawata ta daki cinyata. "Kin gani! Ado ne! Wasu zanawa suke yi, ke an haife ki da naki. Wallahi mutumin nan ɗan gayu ne, rake ne kawai ya ɓoye shi."

Ranar na yi farin ciki har Inna ta tambaye ni ko wani abu na tsinta. Na shirya labari a raina: yana zaune a bayan mota a kan rake, iska tana kaɗa masa riga, ya ciro waya yana kallon kalmar yana murmushi shi kaɗai.

Farin cikin bai wuce kwana ɗaya ba. Inna ta aike ni sayen sabulu a wani butik na kayan shafe-shafe. Ina jiran mai butik ya gama da wata mata, idona ya faɗa kan wani kwalin mai a kan kanta. A jikinsa an zana fuska biyu ta mace ɗaya. Ta hagu tana da ɗige-ɗige, ta ɓata rai. Ta dama sumul, tana murmushi. A ƙasa an jera abubuwan da man yake kawarwa, da Ingilishi da Faransanci, na karanta na Faransancin: ƙuraje, baƙin tabo, tamoji. A layin Ingilishi kuwa ga kalmata zaune a tsakiyarsu.

Mai butik ya ga inda nake kallo ya sauko da kwalin. "Hajiya, wannan ai naki ne. Sati ɗaya za ki nemi abin fuskar nan ki rasa."

Na fito da sabulu kawai, amma kaina ya riga ya kulle. Kalma ɗaya, wasu suna zana ta a fuska don ado, wasu suna sayar da maganin ta. Malam ya ce ya danganta da mai rubutu. To mai rubutun nawa wane iri ne? Na tuna cewa matan da muka gani a waya Turawa ne, shi kuwa Bahaushe ne ɗan Daura, ƙannensa mata irin littattafan da nake karantawa suke karantawa. Sai wani labarin ya shiryu a raina da kansa: waya tana ringi a cikin mota, abokan sana'arsa suna leƙawa, ɗaya ya ce mai dabbare-dabbare tana kira, duk su fashe da dariya. Na ga ma dalilin da ya sa ya rubuta da Ingilishi, don kada in gane. Can kuma in tuna yadda yake kallo na idan ina dariya, in ce a'a. Kafin in gama wanke kwano ɗaya na sauya ra'ayi sau uku.

A ƙarshe na yi wata dabara da a lokacin na ga ba ta da kuskure ko ɗaya. Idan na kawar da ɗige-ɗigen, tambayar ma ta mutu. In yana so na duk da suna nan, zai ƙara so na in babu su. In kuma ba'a yake yi mini, zai zo ya ga fuska sumul, kunya ta kama shi. Na koma butik na sayi man, na ɓoye a ƙasan akwatin littattafaina.

Kwana biyar suka rage kafin kasuwa, mai butik kuma sati ya ce. Don haka maimakon in shafa sau ɗaya, na riƙa shafawa safe da rana da yamma, ina lafta shi da kauri. Rana ta biyu na ji ƙaiƙayi, na ce aiki yake yi. Rana ta uku kumatuna suka yi ja, suna raɗaɗi idan ruwan alwala ya taɓa. Rana ta huɗu na tashi fatar hancina tana ɓarewa kamar bawon albasa.

Inna ta ajiye ludayin da ke hannunta. "Ke! Me ya samu fuskarki?"

Na ce zafi ne.

"Zafin nan ke kaɗai ya gani a gidan?"

Kaka ce ta tono kwalin. Ba ta iya karatu ba, amma ta ga fuskokin nan biyu ta gane komai. Ta riƙe kwalin nesa da idonta tana dubawa, sannan ta juya bayan hannunta ta nuna mini.

"Ni da nake yawo da nawa tun kafin a haifi uwarki, wa ya ce miki ban auru ba? Kakanki a kan jaki ya riƙa zuwa daga Kurni, rana tsaka. Ja'ira kawai. Wa ya ce miki ba su da kyau?"

Na ce ba kowa.

"To wa ya ce suna da kyau?"

Nan ma na ce ba kowa, sai kuka ya ƙwace mini. Inna ta kai ni likita, wato asibiti. Matar da ta duba ni ta yi mini faɗa, ta ce in daina shafa komai sai abin da ta ba ni, in kuma guji rana. Na tambaye ta ko ɗige-ɗigen sun tafi ke nan. Ta ce wataƙila su dawo, wataƙila wasu su bar tabo, sai fata ta warke za a gani.

Ranar kasuwa ban je rumfa ba. Bayan la'asar ya kira ya ce yana ƙofar gida. Na fito da tabarma, na ja gefen hijabi na rufe fuskata, idanu kawai a waje.

Ya ce, "Yau kuma lulluɓi? Ko surukinki ne ya zo ban sani ba?"

Na kwana biyu ina shirya abin da zan faɗa. Na zauna, na dubi nesa, na ce, "Akwai zuciyar da take murmushi a fili, a ɓoye kuwa hawaye take zubarwa."

Ya gyara zama. "Ta wa?"

Na ƙara jan gefen hijabi.

"Rasuwa aka yi?"

Duk sauran jawabin ya gudu daga kaina. Na ciro waya na danna lambarsa a gabansa. Ya laluba aljihu ya fito da tasa, ya dube ta, ya dube ni.

"Ai ga ni."

"Karanta abin da ya fito."

Ya karanta, ba yadda ni da ƙawata muke faɗa ba, a taƙaice, kamar an karya kara. Ya sosa ƙeya. "Au, wannan? Masu sunanki uku ne a wayar nan, ranki ya daɗe. Ƙanwata, da matar yayana, da mai tuwon tasharmu. Ranar da kika ba ni lamba na ji tsoron wata rana in kira matar yayana in fara yi mata kalamai."

"Kalamai? Yaushe ka taɓa yi mini kalamai?"

"To ai shiri nake yi."

"Shi ya sa ka sa mini sunan cuta?"

"Cuta? Wa ya ce cuta ce?"

"A jikin kwalin magani na gan ta. Tare da ƙuraje."

Ya ajiye wayar a kan tabarma. Sannan ya ba ni labarin da ban taɓa karanta irinsa ba. Ya ce suna sakandare malaminsu ya koya musu kalmar, ya nemi wanda zai nuna a matsayin misali a cikin aji, aka duba fuska sama da hamsin ba a samu ba. Malamin ya ce su haƙura, sai dai in sun ga Bature. Shi kuma kalmar ta maƙale masa, ya bar makaranta ya shiga rake, ya manta kusan duk Ingilishin da ya koya amma ita tana nan.

"Shekaru ina riƙe da ita ban samu inda zan sa ta ba. Ranar da kika yi wa takalmina wanka da mai, na ɗago kai na ce, au, ashe ga ta nan a Matameye."

Ban san ko in ji daɗi ko in ji haushi ba. Ashe ni misalin da aka rasa a aji ce. Na nemi inda zan ajiye wannan magana a cikin duk labaran da na sani, ban samu ba.

Na ce, "To yabo ne ko zagi?"

"Ni ban taɓa tunanin haka ba."

"Yi yanzu."

Abin mamaki sai ya shiga tunanin. Ya sunkuyar da kai yana murza igiyar tabarma, ya daɗe, har wani mai kura ya wuce da jarkokin ruwa ya ɓace a ƙarshen lungu. Ni kuwa ina jiran ya ce taurari ne a fuskar wata, ko wani abu makamancin haka, na ma shirya yadda zan sunkuyar da kai.

Ya ce, "Wallahi ban sani ba. Na dai san in na shigo kasuwa su nake fara nema a layin masu mai." Ya ɗago. "Tsaya. Wane kwalin magani kika ce?"

Na saki gefen hijabin.

Ya yi salati. Ya matso har gwiwarsa ta kai tsakiyar tabarma, sai ya tuna a ƙofar gida muke, ya ja baya.

"Da zafi?"

"Da sauƙi yanzu."

"Wa ya sa ki?"

"Kai."

"Ni? Ni da ban ma san kin gani ba? Me ya hana ki tambaye ni tun ranar?"

"Ba a tambaya."

"A ina ne ba a tambaya?"

A inda na koyi soyayya yarinya ba ta tambaya. Takan yi ta ciwo a ɗaki har gaskiya ta fito da kanta, a bakin wata ƙawa ko a gadon likita. Ban iya gaya masa haka ba, don ina jin yadda maganar za ta fito a baki. Ya ci gaba da kallon kumatuna, yana bin wuraren da fatar ta ɓare da ido, kamar mai neman wani abu da ya faɗi a ƙasa.

"Za su dawo kuwa?"

"An ce wataƙila."

"Wataƙila," ya maimaita. Fuskarsa ta yi irin yadda take yi idan yana ba da labarin raken da ya bushe musu a hanya. Ban taɓa ganin wani ya damu da abin fuskar nan tawa ba, ko don ya tafi ko don ya zauna, sai ranar.

Direba ya danna oda daga bakin lungu. Ya miƙe ya fara sa takalmi. Ya ce in bi abin da aka ce a likita, in kuma bar wa Inna rumfa har in warke. Ya juya zai tafi, na ga idan ya kai bakin lungu wa'adin Baba ya cika ban ce komai ba.

Na ce, "Malam."

Ya tsaya.

"Baba ya ce in da gaske kake, ka turo manya."

"Tun yaushe ya faɗa?"

"Tun wancan satin."

Ya kama haɓa. "Wato kin samu lokacin zuwa butik, ba ki samu na ba ni saƙo ba. To ke me kika ce?"

"Ni ban gane komai ba."

"Ni ma yau ban gane ba. In turo?"

Direba ya sake danna oda, wannan karon bai ɗaga hannu daga kanta ba. Na ja hijabi na rufe fuska, na ce, "Turo."

Na naɗe tabarma na shiga gida. Inna tana bakin murhu tana fifita wuta, ba ta juyo ba ta ce, "Me zan gaya wa Babanku?"

"Ki ce masa suna tafe."

Ta juyo ta dubi jajayen kumatuna. "Kin tabbata?"

"A'a," na ce. "Amma ki gaya masa."